Karan Sarkin Ruwa da Ɗaki na Shida

Ku da kuke zaune da waya a hannu kuna ce mini rubuta furogiram ba wani abu ba ne, ku matso ku ji. Jiya na ji ɗayanku yana cika baki wai cikin mako guda ya gama nasa ya saki, in an ga kuskure gobe ya gyara daga kan katifa. Madalla da ku. Ni a zamanina in na saki aiki da kuskure a ciki, sai na shiga motar kasuwa na bi shi har inda ya tafi, kuma kafin in isa ya riga ya yi ɓarnar da zai yi.

Ba da wannan sana'a na fara ba. Daktilo ce ni, mai buga takardu, a buro, wato ofishin wani furoje, shirin noman rani, a Birnin Ƙonni, wajen ƙarshen shekarun tamanin. Furojen yana kula da wurare uku masu kanal, wato ginanniyar hanyar ruwa: ɗaya kusa da Ƙonni, ɗaya wajen Dogarawa, ɗaya ta gefen Illela. Babban aikinsa rabon ruwa ne, wa zai sha yau, wa zai sha gobe, kuma awa nawa. Kowane mako ni ke buga takardar rabon da injin hannu, da baƙar takarda a tsakani don ta fita huɗu. In na ɓata suna ɗaya, sai in sake daga farko.

Ranar da aka kawo ordinatar, wato kwamfuta, ƙarti biyu suka ɗauko ta, aka sa ta a ɗaki mai kilim, na'urar sanyaya ɗaki, ɗaya tilo da ke buron, ɗakin da ko direktar bai samu ba. Tare da ita aka turo wani mutum daga Yamai, Mushe Idi (mushen Faransanci, wato malam), siriri, mai shan shayi ba sukari, wanda ban taɓa jin ya ɗaga murya ba. Ya ce yana son mai saurin hannu, aka nuna masa ni. Na yi murna, na ɗauka gobe zan fara danna inji. Ina! Wata guda cur bai bar ni na taɓa ta ba. Kaye, wato littafin rubutu, ya ba ni da fensir, ya ce in rubuta umarnin a takarda, shi ne zai zama injin.

Aikin farko da ya ba ni shi ne in sa inji ya karanto sunayen manoma ɗaya bayan ɗaya. Na rubuta layi bakwai na miƙa masa ina taƙama. Ya ɗora yatsa a kan sunan farko ya fara bi yana karantawa. Da ya kai sunan ƙarshe bai tsaya ba. Yatsan ya sauka daga takarda ya bi tebur, ya sauka daga tebur ya bi bango, Mushe Idi ya miƙe yana bin yatsansa har ya fita ƙofa ya doshi bakin titi. Na bi shi ina kira: "Mushe, ina za ka?" Ya juyo ya ce: "Ba ki ce in tsaya ba, Rabi." Masu gadi suka yi ta dariya har da riƙe ciki. Tun daga ranar ban sake rubuta abin da ke zagayawa ba sai na fara rubuta inda zai tsaya.

Bayan wata shida na iya har na rubuta furogiram ɗin rabon ruwa ni kaɗai, dogo, a dunƙule, daga suna har bugawa. Kuma ya yi aiki, wallahi ya yi. Mushe Idi ya duba ya ce ya yi kyau, sai dai mu sake. Na ce don me? Ya ce abin da za mu gina shi ne abin da Turawan Faransa ke kira modil, amma shi ɗaki yake ce masa. Kowane aiki da ɗakinsa. Ɗaki ba ya shiga wani ɗaki ya buɗe tukunya. In yana son abu, ya tsaya bakin ƙofa ya tambaya, a miƙo masa. Ɗakin sunaye bai san komai ba sai sunayen manoma. Ɗakin kanal ya san inda kowane fili yake. Akwai na kwanaki, akwai na bugawa, sannan ɗakin rabo a tsakiya, shi ke tambayar sauran ya tsara wa zai sha yaushe. Biyar ke nan.

Na yi gardama, don ni ba mai haɗiye magana ba ce. Na ce abin da na yi cikin sati uku za mu ɓata wata da watanni a kansa, ga direktar kullum yana leƙowa yana tambaya ko injin nan ado aka kawo shi. Mushe Idi bai kula ba. Kafin mu rubuta layi ɗaya na kowane ɗaki, sai mun rubuta ƙofarsa a cikin wani kaye mai baƙin bango: abin da ke shiga, abin da ke fita, ba ƙari. Na tsani kayen nan kamar me. Akwai ranar da na sa ɗakin bugawa ya leƙa sunaye kai tsaye don ya fi sauri, ya gano, ya sa na goge aikin kwana huɗu. Na fita bayan buro na yi tsaki har na gaji, na dawo na goge.

Kayan aikinmu ba su da yawa, amma kowanne da halinsa. Ordinatar ba ta iya riƙe ɗakunan duka a kanta lokaci guda, sai ta ɗauko ɗaya daga disket ta yi aiki da shi, ta ajiye ta ɗauko wani. Disket ɗin kuwa faifai ne mai laushi cikin baƙar riga, ba ya son rana, ba ya son kusa da rediyo, ba ya son hannu mai maiƙo. Wuta tana ɗaukewa ba sallama, saboda haka duk layi goma sai na adana. Injin buga takarda in ya fara ƙara sai ka ce injin markaɗe, har masu sayar da goro a waje sun san an fara buga rabo. In zarensa ya bushe, mu ke shafa masa tawada da hannu.

Sakin aiki shi ne inda aka fi shan wuya, kuma shi ne abin da ku ba ku sani ba. Kafin mu saki komai sai mun ɗauko takardun rabon bara da na buga da hannu, mu ba inji irin bayanan, mu kwatanta layi da layi, kwana biyu muna yi. In sun yi daidai, sai in kwafi disket uku, in rubuta lamba a goshin kowanne, in naɗe su a ƙyalle in sa cikin gwangwanin alewa. Ɗaya ya zauna Ƙonni, biyu a kai sauran buro, don su ma daga baya an kai musu nasu injin. Akwai karon da na ba wani direban motar kasuwa na Illela, ya ga gwangwanin ya yi masa kyau, ya fitar da faifan ya ajiye a gaban mota cikin rana. Ya isa a lanƙwashe kamar busasshen ganye. Washegari ni da kaina na hau mota na kai wani.

Manoma sun karɓi abin fiye da yadda muka zata. Suna zuwa bakin buro a karanta musu takarda, kowa ya ji sunansa da awarsa. Wani ya ce mini abin da ya sa yake son ta, takarda ba ta da suruki a bakin kanal. Da direktar ya ga rigima ta ragu, sai ya kafa doka: takarda mai hatimi ita ce magana, duk mai riƙe da mabuɗin ƙofar ruwa da ya buɗe ba bisa takarda ba, ya ajiye mabuɗi. Shekara biyu abin yana tafiya sumul. Mushe Idi ya koma Yamai, ya bar mini ordinatar da baƙin kaye. Aka daina ce mini daktilo, aka koma Madam Rabi mai inji, kuma ba zan ɓoye muku ba, kaina ya yi girma.

Sai ga shekarar da damina ta ɗauke da wuri, baraji, madatsar ruwanmu, bai cika ba. Direktar ya yanke cewa ba za a bar ruwa yana gudu kullum ba, za a riƙa buɗewa wasu kwanaki a rufe wasu. Wannan aikin ɗakin kwanaki ne kawai. Na canza, na gwada, na saki, na ce shi ke nan.

Bayan sati uku mutum biyu suka yi sallama a ƙofar ɗakin inji. Ɗaya na san shi, Gado ne, Sarkin Ruwa na wajen Dogarawa, wanda tun kafin a kawo furoje shi ke raba ruwa da ka, yanzu kuma aka bar shi da mabuɗi yana bin takarda. Ɗayan tsoho ne gajere, aka ce mini Baba Sanda. Shi ba albasar kasuwa yake nomawa ba, iri yake yi. Yana dasa albasa ya bar ta ta yi fure, ya girbe irin, kuma duk ƙauyukan da ke wajen a hannunsa suke samun abin yafawa in shekara ta zagayo. Don kada irinsa ya gauraya da na wasu, filinsa yana can ƙarshen wani dogon reshen kanal, shi kaɗai. Fangali goma sha biyu ne, duk sun yi fure.

Bai zauna ba. Ya ɗora kan furen albasa ɗaya a kan teburina, ya yi laushi ya langaɓe.

Na ce: "Baba, lafiya?"

Ya ce: "Ɗiyata, ke ce mai takarda? To ruwa nika so."

Na buɗe takardar makon na nuna masa. "Ga sunanka, Baba. Awa huɗu, kamar kowa."

"Takarda ta ba ni huɗu," in ji shi. "Ruwa ya ba ni guda."

Raina ya ɓaci. Na ce inji ba ya cin hakkin kowa, a bincika ko wani ke satar ruwa a hanya. Sarkin Ruwa ya dube ni ya ce: "Madam, kin taɓa raka ruwa?"

Na ce raka ruwa kamar yaya?

Ya ce: "Gobe Alhamis ranar shan Sanda ce. Ki taho da takalmin tahiya."

Washegari da ƙarfe bakwai ina bakin reshen. Sarkin Ruwa ya fito da karan gero, ya ɗaura masa jan ƙyalle a kai. Ya buɗe ƙofa, ruwa ya faɗa cikin reshen, ya jefa karan a kai ya ce mu tafi. Tabɗi! Reshen ya bushe ƙamas, ƙasa duk ta tsage. Ruwan yana shiga kowace tsaga sai ta ƙoshi kafin ya ƙara taku ɗaya, kana jin ƙasar tana tsotsa. Karan yana tafe a hankali, mu muna biye da shi, wani wuri mu tsaya mu jira shi. Ina duba agogo, takwas ta wuce, tara ta wuce. Ƙarfe goma karan ya isa bakin filin Baba Sanda. Sha ɗaya kuwa takardata ta ce a rufe, kuma aka rufe. Abin da ya rage a hanya ƙasa ta shanye rabinsa. Fangali huɗu suka sha, takwas suna kallo.

Sarkin Ruwa ya tsamo karansa ya ce: "Ni da nika rabo, ban hwara ƙirga ma mutum ruwa sai karan ga ya iso ƙohwa tai. Ruwa ƙahwa garai, Madam. Shekarun baya reshen bai bushewa, shi ya sa ba ki gani ba."

Na ce: "To me ya sa ba ka faɗa mana ba tun farko?"

Ya ce: "Wa ya tambaye ni?"

Kunya ta rufe ni. Ɗakuna biyar muka gina, babu ɗaya da ya san ruwa tafiya yake yi. Ɗakin rabo yana ƙirga awa daga buɗe ƙofa, kamar da an buɗe ruwan ya faɗo a fili. Na ce wa Sarkin Ruwa ya ƙara masa awa uku yanzu, ni zan ɗauki laifin. Ya girgiza kai. Ya ce ba mabuɗinsa kaɗai yake ji ba. A shekara irin wannan, ranar da aka ga ya buɗe wa mutum ɗaya ba bisa takarda ba, kafin la'asar kowa zai zo da gatari ya buɗe wa kansa. Takarda ta ɓata, takarda za ta gyara. Baba Sanda ya ce shansa na gaba Litinin ne. In Litinin ma awa guda ce, furen zai zube bai ɗaura iri ba, kuma baɗi mutanen wajen ba su da abin yafawa.

A hanyar komawa Ƙonni zuciyata tana ce mini abu mai sauƙi: ki shiga ɗakin rabo, ki nemo sunan Sanda, ki rubuta bakwai a madadin huɗu, minti biyar kin gama. Har na zauna gaban inji da wannan niyya. Sai na tuna akwai dogayen rassa a wajen Illela da Ƙonni, da mutane a ƙarshensu waɗanda ba su samu mai kawo su buro ba. Na jawo baƙin kayen nan da na tsana na buɗe shafin ƙofofi. Abin a fili yake. Ɗakin rabo yana tambayar ɗakin kanal ina fili yake. Abin da ya rage kawai a sa wani ɗaki a tsakaninsu, a ba shi fili, ya faɗi tsawon lokacin da ruwa ke ɗauka kafin ya isa, in reshe jiƙaƙƙe ne kaza, in busasshe ne kaza. Na rubuta ƙofarsa a kaye tukuna, sannan na rubuta shi kansa. Shafi ɗaya da rabi ne duka. A ɗakin rabo layi biyu na taɓa, sauran huɗun ko kallonsu ban yi ba. Da a dunƙule yake irin nawa na farko, da sai na warware shi duka, kuma sati biyu ba za su ishe ni ba. A ranar na yafe wa Mushe Idi kwana huɗun da ya sa na goge.

Rubutun bai ba ni wuya ba, lambobin ne aiki. Juma'a da Asabar a bakin kanal na yi su, da agogo da kaye. Motar furoje ta kai ni sauran wuraren biyu, ashe kowane wuri akwai mai karansa, kuma kowanne ya san rassansa a ka. Wani ya ce mini wancan reshe in an buɗe da fitowar rana sai hantsi ya ɗaga, wannan kuwa kafin ka gama shan fura ya isa. Inda ake buɗe ruwa a ranar muka jefa kara na auna, inda ba a buɗe ba na zauna da su muka mayar da hantsi zuwa awa.

Lahadi da safe na gwada. Na fara ce wa inji duk rassa jiƙaƙƙu ne, ya fitar da takarda iri ɗaya sak da ta bara, wato ban ɓata komai ba. Na ce masa busassu ne, sai awowin suka fi ƙarfin yini. To, ruwa ba ya ƙaruwa don na rubuta shafi ɗaya da rabi. Dole a rage wa kowa kwatan awa kafin na ƙarshe su samu. Na ɗauki takardar na je gidan direktar, na same shi zai ci abincin rana. Ya ce manoman bakin kanal za su cinye shi ɗanye. Na ce: "Mushe direktar, su ma irin Baba Sanda za su yafa baɗi." Ya wanke hannu, ya aika aka ɗauko hatimi. Na kwafi disket uku, na rubuta sabuwar lamba a goshinsu. Direban furoje ya tafi da na Illela, na Dogarawa kuwa ban ba kowa ba, a cinyata ya yi tafiya.

Litinin aka buɗe ƙarfe bakwai, kara ya isa goma, ba a rufe ba sai da kowane fangali ya sha ya ƙoshi. Na bakin kanal sun yi gunaguni kwana biyu, Sarkin Ruwa ya bi su ɗaya-ɗaya da takarda a hannu ɗaya, kara a ɗaya hannun, suka haƙura.

Bayan mako guda na koma, ranar shansa. Daga nesa na hango furen ya miƙe fari tas, ƙudan zuma suna ta kai da komo a kansa. Amma da na matso na ga fangali uku na can gefe sun yi ja sun kwanta, ruwan Litinin bai same su da rai ba. Baba Sanda yana duƙe da fartanya yana juya ruwa daga wannan fangali zuwa wancan. Na tsaya a gefensa na gaishe shi, na ce: "Baba, ukun can ni na kashe maka su. Ka yafe mini."

Bai ɗago ba. Ya datse bakin fangali ɗaya da laka, ya buɗe na gaba, sannan ya ce: "Uku kika kashe, tara sun tashi, sun kuma ishi gari. Ni da kika gani, ina saurayi na taɓa kashe sha biyun ga duka da hannuna, ba inji ba takarda. Tsohona bai kore ni ba, cewa ya yi in koma in koyi ruwa. Ke kin koya da uku, kin yi arha."

Na buɗe baki zan yi godiya, ya nuna ƙasa da fartanya.

"Ɗaga ƙahwarki, ɗiyata, kin tare mini ruwa."

Na duba, ashe a tsakiyar hanyar ruwan nake tsaye, takalmina ya jiƙe sharkaf. Na ɗaga, ruwan ya wuce.